Rumbu a Cike, Gari a Hannun Abokan Gaba

Assalamu alaikum, masu karatu. Wasiƙun da suka taru a wannan wata kusan duk ta ƙofa ɗaya suka shigo: wasannin dabaru, irin waɗanda ake ba ka fili da 'yan ma'aikata, a ce ka sari itace, ka haƙi zinariya, ka gina gari, ka tara mayaƙa. Ni da Age of Empires II na buɗe ido a wannan fanni, a wata tsohuwar kwamfuta mai ƙaton allo, kuma har yau in dare ya yi na samu sarari shi nake kunnawa. Saboda haka tambayoyin nan a gida suka same ni. Na zaɓi shida, na rage tsawon wasu don fili.

TAMBAYA: Malam, ina buga Age of Empires II da abokaina ta intanet. Nakan tara itace har 3,000, zinariya ta haura 2,000, amma kullum ni ake fara ci. Wanda ke cin mu kuwa, in an leƙa lissafinsa ana tsakiyar wasa, da ƙyar yake da 200 na kowane abu. Ta yaya mai dukiya zai riƙa faɗuwa a hannun matalauci? (Daga wani ɗalibi)

AMSA: Ƙanena, abokin nan naka ya fi ka dukiya nesa ba kusa ba. Tasa ta tashi tsaye ne tana yawo a fili. Itacen da kai kake kallo a matsayin lamba a saman allo, shi a wurinsa ya riga ya zama gonaki, ya zama barikoki, ya zama 'yan baka da ke tsaye a bakin garinka. Lambar da ke kusurwar allo ba ta harbi, ba ta tare doki.

Mu yi lissafi, don a nan maganar take. A yawancin ƙabilun wasan ana farawa da ma'aikata uku da mahayi ɗaya mai leƙen asiri, da abinci 200, itace 200, zinariya 100, dutse 200. Kowane sabon ma'aikaci abinci 50 ne, kuma daƙiƙa 25 cibiyar gari ke ɗauka kafin ta fito da shi. Ke nan in kana son cibiyar kada ta zauna haka kawai, sai ka riƙa samun abinci 2 a kowace daƙiƙa, 120 a minti. Ma'aikaci ɗaya a kan tunkiya yana kawo kusan sulusin abinci ɗaya a daƙiƙa. Shi ya sa za ka ga ƙwararru suna tura mutum shida na farko kan tumaki kafin su waiwayi daji. Ba camfi ba ne, shida ɗin ne daidai abin da ke ciyar da cibiyar ba tsayawa. Duk minti ɗaya da cibiyarka ta yi shiru, ka yi asarar ma'aikata biyu da ɗoriya, tare da duk abin da za su tara maka daga wannan lokaci har ƙarshen wasa. Wannan asarar ba ta bayyana a ko'ina a allo. Sai can gaba ka ga abokinka yana da ma'aikata 90 kai kana da 55, ka rasa inda aka bar ka.

Akwai wani dare da ba na mantawa. Biyu-biyu muke bugawa. Na tara dutse 650, kuɗin kagara ɗaya ke nan cif-cif, sai na ce bari in kai 1,300 in gina biyu a tare, ɗaya a bakin mahaƙar zinariya, ɗaya a mashigar gari. Dutse na kan 1,100 da 'yan kai sai barade suka ɓullo ta bayan dajin da masu saran itacena suke. Ina jin ƙarar gargaɗi, ina kallon ma'aikata suna zubewa ɗaya bayan ɗaya da itace a hannu. A lokacin na danna ginin kagara, harsashi ya fito a ƙasa, amma babu sauran wanda zai ɗora dutse a kai. Da na gina guda ɗaya minti huɗu kafin nan, da ta tsare wurin. Abokin wasana ya riƙe mutum biyu shi kaɗai na kusan minti goma kafin ya sallama, kuma abin ya daɗe yana ci mini rai, don amanarsa na bari a rumbu. Ba a fafe gora ranar tafiya.

To me za ka yi? Ka riƙa kallon wane tsibi ne ke kumbura, don shi ne ke gaya maka inda ka cunkushe ma'aikata fiye da ƙima. In itace ne, ka zuba gonaki, kowace 60 ce. Ka ƙara bariki ko barga ko filin 'yan baka, kowanne 175, don soja su riƙa fitowa ta ƙofa uku maimakon ɗaya. In ka shiga zamanin kagara, wato na uku cikin zamani huɗu na wasan, ka ƙara cibiyar gari, itace 275 da dutse 100, ma'aikata su ninka saurin fitowa. In zinariya ce ta taru, barde abinci 60 ne da zinariya 75, kuma mafi yawan lokaci abincin ne ke hana ka, don haka ka kwashe wasu daga mahaƙa ka mai da su gona. Kada ka manta da gidaje: itace 25, mutum biyar. Sau da yawa dukiya na taruwa ne kawai saboda an cike gurbin jama'a, komai ya tsaya, mai wasa bai lura ba.

Ban ce kada a yi tari ba sam. Shiga zamani na biyu abinci 500 ne, na uku abinci 800 da zinariya 200, na huɗu abinci 1,000 da zinariya 800. Wannan tari ne mai suna, ka san abin da kake jira da lokacin da zai cika. Ka riƙa tambayar kanka a tsakiyar wasa: wannan itacen na mene ne? In amsa ba ta zo bakinka nan take ba, kashe shi.

TAMBAYA: Me ya sa masu ƙera wasannin nan ba sa barin kuɗi iri ɗaya kawai? Abinci, itace, dutse, zinariya, gas, mai. A ganina duk wahalar da kai ne, tunda a ƙarshe abu ɗaya suke yi, wato saye. (Daga wani malamin lissafi)

AMSA: Malam, Allah ya ƙara basira, an taɓa yin yadda kake so. Dune II na kamfanin Westwood, wanda ya fito a 1992 kuma ake ɗaukarsa tushen wannan salo, abu ɗaya ake tarawa a cikinsa: wani sinadari da motar girbi ke kwasowa daga rairayi ta kai matata ya zama kuɗi. Command & Conquer na 1995 ya bi sahu da nasa sinadarin mai suna Tiberium. Wasanni ne masu daɗi, amma tambayar tattalin arzikinsu ɗaya ce tak: nawa ke shigowa, kuma wa zai kare motar.

Da Blizzard ya fitar da Warcraft a 1994 da zinariya da katako, tambaya ta zama biyu. A kashi na biyu, 1995, aka ƙara mai, aka kuma ajiye shi a cikin teku, sai ya zama dole mai son jiragen yaƙi ya fita ruwa ya yi faɗa a kan rijiya. Age of Empires na 1997 ya zo da huɗu, kuma in ka zuba musu ido a kashinsa na biyu kowanne halinsa daban. Itace na da yawa, amma daji ja da baya yake yi, kullum tafiyar ma'aikaci na ƙara tsawo sai ka sake gina masa wurin sauke kaya. Abinci sauya gida yake yi: daga tumaki zuwa farauta da 'ya'yan itace, daga nan zuwa gona, ita kuma gona itace take ci. Zinariya ƙarewa take yi, kuma galibi ragowarta na can a tsakiyar fili inda ba katanga. Dutse shi ne mafi ƙaranci, don kada kowa ya lulluɓe taswira da kagara. Ka ga ashe ba farashi kaɗai suke sakawa ba. Kowannensu jan ka yake yi zuwa wani wuri a taswira, a wani lokaci, ya haɗa ka da wanda ba ka so haɗuwa da shi ba.

StarCraft na 1998 biyu kawai ya ɗauka, ma'adini da gas, amma ya yi amfani da su da hikima. Ƙaramin soja ma'adini 50 ne ba gas. Duk wani babban makami da bincike kuwa sai da gas, kuma rijiyar gas ma'aikata uku take ɗauka, ko ka tura goma ba za ta ba da abin kirki a kan haka ba. Da wannan ƙa'ida kaɗai aka sa wa ci gaba linzami: ba yadda za ka yi ka tsallaka zuwa manyan jirage a minti uku komai yawan ma'adininka.

Wanda ya fi burge ni shi ne abin da Civilization III ya kawo a 2001. Ƙarfe, dawaki, gishirin albarushi, kwal, roba, mai, alminiyam, yuraniyam: ba ka ganin ko ɗaya a taswira sai ka gano ilimin da ke buƙatarsa. Kana zaune lafiya da maƙwabcinka shekaru aru-aru, ranar da masananka suka gano sarrafa ƙarfe sai ka duba ka ga duk ƙarfen yankin yana ƙarƙashin tsauninsa. Daga nan ko ciniki, ko ƙawance, ko yaƙi. Kuɗi iri ɗaya ba zai taɓa haifar da irin wannan labari ba.

Wasu sun bi wata hanyar. A Total Annihilation na 1997 ƙarfe da makamashi kwarara suke yi kamar ruwan famfo, gini na zuƙa a hankali yayin da ake yin sa, in ka ɗora ayyuka fiye da abin da ke shigowa komai sai ya koma tafiyar hawainiya. Company of Heroes na 2006 ya cire masu haƙa gaba ɗaya, mai da harsashi na zuwa ne daga wuraren da sojanka ya kama ya riƙe. Warcraft III kuwa haraji ya sa wa babbar runduna: a ƙarin da aka yi masa mai suna The Frozen Throne, in jama'arka ta haura 50, zinariya 7 ke shigowa cikin kowace 10 da aka haƙo, in ta haura 80 sai 4.

Amma akwai inda nake tare da kai ɗari bisa ɗari. Wasu wasannin waya na da kuɗaɗe takwas ko goma, lambobin yabo, tikiti, maɓallai, gutsattsarin kaza, kuma babu ɗayansu da ke sa ka yanke wata shawara. Ga ma'aunin da nake amfani da shi, kai da kake malamin lissafi za ka ji daɗinsa: in za a iya haɗe albarkatu biyu su zama ɗaya ba tare da wani zaɓi na mai wasa ya canza ba, to ɗayansu ba don wasa aka sa shi ba.

TAMBAYA: Wata huɗu ke nan ina buga Clash of Clans. Nakan kwanta da rumbuna a cike, da safe in tarar an yi mini wasoso. Lu'ulu'un da aka ba ni da farko kuma duk na ƙarar wajen gaggauta gini. Me zan gyara? (Daga wata ɗalibar jami'a)

AMSA: Ƙanwata, kusan kowa ta nan ya bi, kada ki damu. Wasan nan na kamfanin Supercell da ke Helsinki ta ƙasar Finlan, wanda ya fito a 2012, yana nuna miki zinariya da eliksa (wani ruwa da ake tarawa a kashe kamar kuɗi) da manyan lambobi, daga baya baƙin eliksa ya shigo a mataki na 7 na fadar gari. Amma abin da ya fi komai ƙaranci a garinki magini ne. Zinariya kina iya kwaso ta a hari uku ko huɗu. Magini kuwa in ya shiga aiki ya shiga ke nan, a manyan matakai sai ya yi kwanaki, har fiye da mako, ba ki da shi.

Shi ya sa lu'ulu'u, wato kuɗin musamman na wasan da ake iya saye da kuɗin gaske, wuri ɗaya ya kamata ya nufa har sai kin cika magina biyar: bukkar magini. Ta uku 500 ce, ta huɗu 1,000, ta biyar 2,000, jimilla 3,500. Da gani kamar ba za a kai ba, amma ana kaiwa ba tare da kashe ko sisi ba. Ki riƙa sare bishiyoyi da kututture da ciyayin da ke tsirowa a gefen gari, wasu na fitar da lu'ulu'u. Akwatin lu'ulu'u da ke ɓullowa lokaci-lokaci 25 yake bayarwa. Cika sharuɗɗan bajinta na wasan kuma shi ne babbar hanya. Lu'ulu'un da kika zuba don gini ya ƙare yau, gobe babu shi babu alamarsa. Wanda kika sayi magini da shi kuwa yana nan yana yi miki aiki muddin kina wasan. Mai magina biyar yana gama abin da mai biyu ke yi cikin ƙasa da rabin lokaci.

Batun wasoso kuma, a tsarin da wasan ya daɗe a kansa mahari na iya kwashe kusan rabin abin da ya taru a mahaƙai da famfunan da ba ki tattara ba, alhali kason da zai iya ɗauka daga rumbu bai kai haka ba. Saboda haka kafin ki ajiye waya ki tattara komai. Sannan ki kashe. Ki fara aikin da ya fi tsada da dare, ki tabbata ɗakin bincike na aiki. In kina da halin barin magini ɗaya ba aiki, ki bar shi don katanga, domin ɗaga matakin katanga nan take yake kammaluwa, ragowar dukiya sai ta shige can inda ba mai iya ɗauka.

Ga wani abu da na daɗe ban gane ba. Kada ki bari maginanki su gama aiki rana ɗaya. Rumbu na da iyaka, ba zai iya ciyar da manyan ayyuka biyar a lokaci guda ba, sai ki ga uku na zaune suna jiran ki tara. Ki haɗa gajeren aiki da dogo, yadda kowace rana ko bayan kwana biyu mutum ɗaya ne zai fito, ya tarar da kuɗin aikinsa na gaba a shirye.

TAMBAYA: Ɗana mai shekara 12 kullum sai ya roƙe ni in saya masa lu'ulu'u a wasan gina gari da yake yi a wayata. Sau biyu na saya, yanzu ya ƙi ƙarewa. Shin wannan ba caca ba ce? Kuma in hana shi wasan ne gaba ɗaya? (Daga wata uwa)

AMSA: Hajiya, Allah ya raya mana shi. Tambayarki ce ta fi tsaya mini a rai cikin duk wasiƙun nan, don na ga irin abin da kike faɗa da idona. Kwanakin baya ɗan ƙanwata ya kawo mini wayar mahaifiyarsa, fuska a yamutse. Ya ce, "Kawu, duba, saura awa 19." Wani gini ne a wasansa, agogo na ƙirgawa a kansa, a ƙarƙashin agogon ga koren maɓalli da hoton lu'ulu'u da wata lamba. Yatsansa na ta shawagi a kan maɓallin. Na ce masa, wannan lambar nawa ce a kuɗin da mamarka ke biya? Ya yi shiru, ya ce bai sani ba. Muka ɗauko biro da takarda, muka buɗe shagon wasan, muka raba farashin ƙunshi da yawan lu'ulu'un da ke ciki, muka ninka da lambar da ke kan maɓalli. Da ya ga amsar sai ya ɗago kai ya dube ni. Ya ce, "Don kawai kada in jira zuwa gobe?" Ban ƙara masa ko kalma ba.

Abin da ya kamata ki sani ke nan. Wasan da aka ba ki kyauta ta wani wuri yake cin abinci, kuma a irin waɗannan wasanni jira ake sayarwa. Da farko gini daƙiƙa goma ne, yaro ya saba da gani nan take. Sannu a hankali ya koma awa, ya koma kwana. Lu'ulu'u kuma labule ne tsakanin yaro da kuɗin gaske, don ciwon kashe lu'ulu'u 300 ba ya kama da ciwon miƙa kuɗi da hannu. Ƙunshin sayarwa ma ba safai yake yin daidai da abin da ake buƙata ba. A Clash of Clans, alal misali, an daɗe ana sayar da shi a ƙunshin 80, 500, 1,200, 2,500, 6,500 da 14,000. Mai son abin 2,000, ƙunshin 1,200 bai ishe shi ba, na 2,500 kuma zai bar masa ragowa, ragowar nan ita ke jawo saye na gaba.

Game da caca, abu biyu ne a rarrabe. In an biya an san abin da za a samu, kamar magini ko gama gini, wannan saye ne, ko da mai tsada ne. In kuwa akwati ne a rufe, a biya ba a san abin da zai fito ba, wataƙila jarumi mai daraja, wataƙila tarkace, wannan ne hukumomi suka sa wa ido. A 2018 hukumar kula da caca ta Beljiyam ta yanke cewa irin waɗannan akwatuna da ake saye da kuɗi sun faɗa ƙarƙashin dokar caca. Apple tun ƙarshen 2017, Google kuma a 2019, sun wajabta wa masu wasanni su bayyana yiwuwar samun kowane abu a cikin akwati. Ki zauna da shi ki duba wane iri ne a wasansa. Ni dai ba na barin yaron da ke hannuna ya taɓa akwatin sa'a, ko sau ɗaya.

Kuma ba ke kaɗai ba ce. A 2014 hukumar kare masu saye ta Amurka ta sa Apple ya mayar wa iyaye aƙalla dala miliyan 32.5, Google kuma aƙalla dala miliyan 19, saboda sayayyar da yara suka yi a cikin manhajoji ba da izinin iyaye ba. Yau ɗin nan ki shiga saitin Google Play ki sa a riƙa neman kalmar sirri a kowane saye, ko ki yi amfani da Family Link, manhajar Google da iyaye ke sa ido da ita a kan wayar yara. In iPhone ce, a cikin Screen Time akwai inda ake kashe sayayyar cikin manhaja gaba ɗaya. Ki cire katin banki daga asusun.

Hana shi wasan kuwa, ban ba ki shawara ba. Yaron da ke son gina gari yana koyon tsari, da kasafi, da haƙuri, in an raba shi da koren maɓallin nan. Ki yi masa sharaɗi: wasa ya ci gaba, saye ya tsaya, ya nuna miki yadda zai tara lu'ulu'un magini na gaba da guminsa. In akwai kwamfuta a gida, ki gwada masa 0 A.D., wasan gina daula ne na kyauta da 'yan sa kai suka ƙera, abinci da itace da dutse da ƙarfe ake tarawa, babu shago a cikinsa ko kaɗan.

TAMBAYA: Na ga wani shafi da ke cewa in na saka sunan asusuna da kalmar sirri zai zuba mini lu'ulu'u 99,999 kyauta. Gaskiya ne? (Daga wani matashi)

AMSA: Ƙarya ce, ɗana. Lissafin lu'ulu'unka ba a wayarka yake ba, yana can a kwamfutocin kamfanin, babu wani shafi na waje da ke da hannun ƙara masa ko ɗaya. Asusunka suke so, ko su sa ka sauke manhajar da za ta yi maka sata a waya. In ka riga ka saka, canza kalmar sirrin yanzu, har da ta imel ɗin da ke haɗe da asusun. Masu sayar da lu'ulu'u da araha ta bayan fage ma ka guje su, kamfanoni na rufe asusu a kan haka.

TAMBAYA: Ni tsohon hannu ne a Age of Empires II, amma in wasa ya haura awa ɗaya zinariya ta ƙare a taswira, sai in rasa yadda zan yi. Ina zinariya take a ƙarshen wasa? (Daga wani dattijo mai ritaya)

AMSA: Baba, barka da ƙoƙari, na ji daɗin ganin wasiƙarka. Wuri uku take, kuma biyu daga ciki tun da wuri ake kama su.

Na farko kayan tarihin nan da ke warwatse a taswira, waɗanda limamin wasan kaɗai ke iya ɗauka ya kai wurin ibada. Kowanne na ba da zinariya 30 a minti, ba ya ƙarewa. Uku a hannunka 90 ke nan a minti, kuɗin zinariyar barde ɗaya da canji, har a tashi wasa. Ana rabon su ne da shigar zamanin kagara, wanda ya jira sai mahaƙa ta bushe zai tarar an kwashe. Na biyu fatauci, in kuna wasan ƙungiya. Amalanken fatauci na kai-komo tsakanin kasuwarka da ta abokinka, kuma nisan tafiya ne ke ƙara riba, don haka ku gina kasuwannin a kusurwoyin taswira mafi nisa da juna, ku fara tun zinariyar ƙasa na da saura, ku kuma tsare hanyar.

Na uku kasuwa, kuma a nan ake yawan yin kuskure. Da farko in ka sayar da abinci ko itace 100 za a ba ka zinariya 70, don la'ada kashi 30 ce cikin ɗari. Kowane sayarwa na karya farashi, kuma farashin na kowa da kowa ne, in abokin gaba ya zubar da itacensa kai ma ka ji a jikinka. Yana iya faɗuwa har ya kai 14. Akwai binciken ƙungiyoyin 'yan kasuwa a zamanin daula, wato na huɗu, da ke rage la'adar zuwa kashi 15, ka yi shi kafin ka fara sayarwa da yawa, kuma ka riga abokin gaba zuwa.

Sauran aikin kuwa na mayaƙan da ba sa cin zinariya ne. Ɗan mashi abinci 35 da itace 25, mai jifa da māsu abinci 25 da itace 35, mahayi mai sauƙin kaya abinci 80. 'Yan mashi na tare dawaki, masu jifa na cin 'yan mashi da 'yan baka, mahaya na tarwatsa masu jifa su kuma kai samame gonaki. Abin da nake yi, Baba, shi ne da na ga mahaƙata ta ƙarshe ta kusa rabi, sai in biya duk binciken maƙera da ɗaga darajar waɗannan ukun tun da sauran zinariya a hannu, in kwashe masu haƙa in mai da su gona da daji, in ƙara barikoki da barga. 'Yar zinariyar da ke ɗigowa daga kayan tarihi kuma ba na taɓa ta don soja. Majajjawar rushe kagara nake ajiye wa ita, itace 200 da zinariya 200 kowace ɗaya, don 'yan mashi dubu ba za su iya karya kagarar da ke tsaye a kan tudu ba.